Yunwar damina da rumbun unguwa: nasiha ga mutanen Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa, a cikin Suratul Ma'un Allah Maɗaukakin Sarki ya siffanta mai ƙaryata ranar sakamako da cewa shi ne yake ingije maraya, kuma ba ya kwaɗaitar da mutane a kan ciyar da miskini. A lura da lafazin da kyau: har rashin kwaɗaitarwa laifi ne. Ke nan wanda ba shi da ko mudu ɗaya da zai bayar bai fita daga cikin maganar ba, tunda yana da baki yana da ƙafa.

Mu a Kaduna hannunmu a sake yake da azumi. Daga Rigasa zuwa Badarawa, da wuya ka ga masallacin da babu kunu da ƙosai a bakin magariba. Amma da an sauko daga idi sai a kife tukunya. Alhali yunwar da ta fi kama gidaje takan zo ne a tsakiyar damina, Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, kuɗin tiya ya hau. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, ba sai an gaya wa kowa yadda cefane ya koma ba.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa saboda idan abincin iyalansu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi guda, su raba daidai da mazubi guda, har ya ce su nasa ne, shi ma nasu ne. Rumbun unguwa shi ne wannan mayafin: ɗaki ɗaya, kwamiti amintacce, ana tarawa lokacin wadata, ana rabawa lokacin ƙunci.

Lokacin saye shi ne kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da masara da dawa suke da sauƙi a kasuwanni irin na Saminaka da Giwa. Lissafin ba wuya. Babban buhun masara yakan ba da tiya 40 ko kusa da haka, gida mai mutum shida kuma yakan ci kimanin tiya ɗaya a wuni. Unguwar da take son riƙe gidaje 30 na wata biyu da rabin abincinsu tana bukatar tiya 900, wato buhu 23 a takaice. Magidanta 100 su riƙa kawo tiya ɗaya kowace Juma'a, cikin mako tara an haɗa.

Sai dai tarawa ba ita ce wahalar ba, ajiya ce. Nan yawancin kwamitoci suke yin asara, a buɗe ɗaki a watan Yuni a tarar da gari da ƙwari maimakon hatsi. Kada a karɓi hatsin da bai bushe sosai ba. A gwada da haƙori: busasshiyar ƙwaya takan fashe da ƙara, ɗanya kuwa lotsawa take yi. Ko a zuba hatsin a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bar shi kamar minti 15. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. Masara da gyaɗa masu laima suna yin funfuna, funfunar kuma tana fitar da guba mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa.

A samu buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A duba ledojin kada su kasance da huji, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, sannan a ɗaure na waje. Ƙwarin da ke ciki rashin iska ne zai kashe su, ba sai an sa magani ba. Shi ya sa ba a yawan buɗewa, kuma ɓera ɗaya ya huda shi aikin ya ɓaci. A jera buhuna a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango, don simintin ƙasa yana tsatsafo da damina. A rubuta ranar shigowa a jikin kowane buhu, wanda ya riga shiga shi zai riga fita.

Don Allah a ji tsoron Allah a kan zuba Sniper a wake. Guba ce, ba a yi ta don abinci ba. Ƙwayar Phostoxin kuma, wadda ake sa wa hatsi don kashe ƙwari, hayaƙinta yana kisa, ba a sa ta a ɗakin da yake manne da inda mutane suke kwana.

'Yan kasuwa, ku ne ƙashin bayan wannan aiki, kuma ba lallai sai da kuɗi ba. Dillalin hatsi a Kawo ko Kasuwar Bacci ya sayo wa kwamiti a kan sari, ya yafe la'adarsa. Mai injin niƙa ya ware wuni ɗaya a mako kyauta ga masu katin karɓar abinci daga rumbu. Mai motar kaya da ke dawowa da sauran wuri ya ɗora buhu biyu. Mai gidan burodi ya aiko da kwantai a ranar, ba bayan kwana uku ba. Masu kayan gwari su ba da tumatir da tattasai da suka fara laushi a yanka a shanya, kafin su ruɓe a zubar a kwata. Manyan shaguna su fitar da taliya da man girki tun da sauran wata biyu ko uku wa'adinsu ya cika. Wanda ya riga ya wuce wa'adi kuwa, mai shi ya riƙe abinsa. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu nufin mummuna mu ciyar da shi, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido.

A raba littafin zakka da na sadaka. Zakkar amfanin gona ɗaya bisa goma ce in ruwan sama ne ya shayar, ɗaya bisa ashirin in da wahalar ban ruwa aka noma, kuma masu cin ta su ne kashi takwas ɗin da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Kuɗin hayar ɗaki da sayen buhuna a fitar da su daga sadaka. Daga sadakar nan kuma maƙwabcinmu Kirista mabukaci yana da rabo, haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya a kan Musulmi kaɗai ba.

Kuɗi kada su shiga asusun mutum ɗaya, komai yardar da aka yi masa. Asusun kwamiti, sa hannun mutum biyu, kwaɗo biyu a ƙofar ɗaki, makullan a hannu daban-daban. Duk ƙarshen wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita bayan sallar isha'i. Zargi ya fi ƙwari saurin cinye irin wannan aiki.

Sai rabo. Ba a yin shela a tara mutane a fili. A watan Disambar 2024 an rasa rayuka a turmutsutsun rabon abinci a Ibadan da Abuja da Okija. A rubuta sunaye tun da wuri tare da liman da mai unguwa, a sa mata a cikin masu tantancewa, domin su ne suka san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba kuma maigidan ba zai taɓa faɗa ba. A ba kowane gida kati da ranarsa, gida goma a wuni ya isa. Tsofaffi, marasa lafiya da mata masu takaba a kai musu har gida bayan magariba, cikin buhun da ba rubutu. A ajiye waya a aljihu, ba hoto ba bidiyo, don aya ta 264 a Baƙara ta yi gargaɗi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa. Gidan da aka tarar da yaro ya rame, ko ƙafafunsa sun kumbura, tiyar masara ba za ta wadatar ba: a ƙara musu wake ko waken suya da gyaɗa, a kuma raka uwar asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a ranar, a auna dantsen yaron don a gane ko tamowa ce.