Wanda ya riƙe igiya, shi ke da cizo

A unguwarmu, cikin garin Sakkwato, akwai wata mussa da kusan kowa ya sani. Ga masu karatu daga gabas, kyanwa nake nufi. Fara ce, da baƙin tabo a kunnen hagu, ta wani maƙwabcina ce mai sayar da hatsi. Don ɓera aka kawo ta tun tana 'yar mitsitsiya, amma daga baya ta zama 'yar gida. Da bazara ba ta da wurin kwana sai gindin randa, inda ƙasa ke da danshi, kuma ƙaramar ɗiyar gidan ba ta shan fura sai ta zuba mata a murfin kwano.

Wata safiya, an fito sallar asuba ke nan, jami'ai suka zo gidan da kare, suna neman wani saurayi da ke haya a shagon ƙofar gida. Ba su same shi a shagon ba, sai suka wuce zaure suka faɗa tsakar gida, mai riƙe da karen ya sake masa igiya. Mussar ta zabura daga gindin randa za ta haye katanga. Ba ta kai ba. Ya cafe ta a gadon baya, ya girgiza ta sau biyu ko uku kamar tsumma, kafin a daka masa tsawa ya saki. Ta ja ƙafafun baya ta shige bayan turmi, can ta cika kafin azahar. Ba a sami komai a gidan ba. Da za su fita, ɗaya daga cikinsu ya ce ai kyanwa ce kawai. Maigidan bai ce uffan ba. Yarinyar ce ta yi magana, tana riƙe da zanen uwarta: "Inna, mi tay yi mai?"

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a majalisa tun kafin in ɗauki alƙalami. Ana kashe mutane a Isa da Sabon Birni, ƙauyuka sun watse a gabashin jiha, Lakurawa sun addabi Tangaza da Gudu, kai kuma ka zo kana kukan mussa? Gaskiya ne, ran mutum ɗaya ya fi kyanwoyin duniya. Ni ma ina cikin masu son a ƙara wa jami'an tsaro kayan aiki, har da karnukan. Hancin kare yana gano ƙwaya da albarusai a cikin buhun da mutum zai wuni yana zazzagewa, kuma jihar da ke da iyaka da Nijar, da hanya irin ta Illela, tana bukatar wannan hanci. Musun da nake yi a kan abu ɗaya ne: idan an shigo da kare gidan mutane ya yi ɓarna, wa zai ɗauki alhakin?

A aikace yau amsar ita ce babu kowa. Jami'i zai ce dabba ce, ba ta da hankali. Mai gida zai ce ƙaddara ce, don ya san idan ya je caji ofis da ƙarar kyanwa dariya za a yi masa, wataƙila ma a tambaye shi inda ya ɓoye ɗan hayarsa. Sai magana ta mutu a tsakar gida.

Abin mamaki, garin nan ne ya fi cancanta ya san cewa wannan amsar ba ta da tushe. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ya wuce ta kan hukuncin da ke cewa mai kora dabba da mai janta da mai hawanta su ne masu lamunin abin da ta taka. Haka ne, akwai hadisin da ya ce ɓarnar dabba ba ta da diyya, amma malamanmu na Malikiyya sun fahimce shi a kan dabbar da ba kowa tare da ita. Da zarar hannun mutum yana kan linzami ko igiya, aikin dabbar ya zama nasa. Alƙur'ani ma, a Suratul Ma'ida, da ya halatta abin da karen farauta ya kamo, dalilin shi ne an koya masa, kuma mai shi ne ya sake shi. Wato horarren kare hannun ubangidansa ne. Ba zai yiwu a ce hannunka ne ranar da ya gano buhun wiwi, a kira 'yan jarida a ɗauki hoto, sannan ranar da ya karya bayan mussa ya koma dabbar da ba ta da hankali ba.

Kuma duk mai aiki da irin waɗannan karnuka ya san halinsu. Yawancinsu jinsin Jamus ne ko na Beljiyam, kuma tun suna ƙanana ake zaɓar waɗanda suka fi zafin bin abin da ke gudu, domin da wannan zafin ake horar da su: ya gano abin da aka ɓoye, a jefa masa ƙwallo ya bi. Karen da ba ya bin abu ba ya cin wannan jarrabawa. To ka ɗauki irin wannan dabba ka sake ta a tsakar gidan Bahaushe, inda akwai kaji da 'yan tsaki, da akuya a turke, da tantabaru, da mussa. Me kake jira ya faru? Ba a bukatar boka. Shi ya sa aka yi igiya, aka yi takunkumi, aka koya wa kare ya tsaya cak da kalma ɗaya. Idan sai an yi tsawa sau uku kafin ya saki, horon bai kammala ba, ko na karen ko na mai riƙe da shi.

Abin da ya hana ni barci a daren nan ba mussar ba ce kaɗai. A wannan gidan akwai jariri mai rarrafe. Da safe irin wannan, a kan tabarma ake ajiye shi kusa da murhu uwarsa tana dama koko. Tsayinsa daga ƙasa bai wuce na mussa ba, shi ma yakan zabura ya yi ƙara idan ya firgita. Ranar an yi sa'a yana goye. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Sai kuma batun shiga gida kansa. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa kariyar sirrin gidansa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, kamar tsohuwar dokar Arewa da ta gabace ta, ta tanadi cewa idan jami'i zai shiga ɗakin da macen da bisa al'ada ba ta fita bainar jama'a take, sai ya sanar da ita ya ba ta damar kaucewa. Waɗanda suka rubuta wannan sun san me ake nufi da zaure, sun san akwai iyakar da baƙo ba ya ƙetarewa sai da sallama, abin da Suratun Nur ta riga ta koya mana. Ɗan lokacin da doka ta ba mata su kimtsa, shi ne lokacin da za a ɗauke yara daga ƙasa, a kora kaji akurki, a rufe kyanwa a ɗaki. Na yarda akwai samamen da ba ya jiran sallama, kamar inda ake tsoron mai bindiga a ciki. Amma neman ɗan haya a gidan mai hatsi ba ya cikinsu, kuma yawancin binciken da ake yi a cikin gari irin wannan ne.

Akwai wani abu da baƙon jami'i, wanda aka turo daga wata jiha, zai iya kasa ganewa. A wurin mutanenmu kare da kyanwa ba matsayinsu ɗaya ba a cikin gida. Kare na gona ne da garke da farauta, wurinsa waje. Kyanwa kuwa hadisi ya ce ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, shi ya sa tsohuwa za ta yi alwala da ruwan da ta sha ba ta damu ba. Yaranmu sun tashi da labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha, da sahabin da aka yi wa laƙabi da 'yar kyanwarsa, Abu Huraira. Sun kuma san labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, saboda haka ba ƙin kare ake koya musu ba. Amma yarinyar da ta ga an kashe mata abin da aka ce mata akwai zunubi a cutar da shi, kuma ta ga babu wanda ya ce ko sannu, ta koyi wani darasi game da masu kaki. Shekara ashirin nan gaba ita ce za a roƙa ta ba da bayanan sirri don a kama ɓarayi.

Ban ce a ɗaure kowa ba. Abin da nake nema bai kai kuɗin man motar da aka zo da ita ba. Kada a saki kare a gidan da mutane ke zaune sai akwai haɗari na zahiri, kuma a rubuta dalilin. Idan ya taɓa dabba ko mutum, a shigar da shi rahoton aikin ranar da sunan mai riƙe da shi, yadda ake lissafin harsashi idan an harba. A nuna wa mutanen gida shaidar cewa an yi wa karen allurar rigakafin haukan kare, domin wannan ciwo idan alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi, kuma duk wanda haƙori ya taɓa sai ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ya nufi asibiti ko da karen na hukuma ne. Dabbar da ta ji rauni kuma a kai ta wurin likita da kuɗin hukuma; Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a garin nan, ba sai an je Kaduna ba. Wadda ta mutu a biya. Da tunkiya ce mai ciki ko ragon layya da aka yi wata takwas ana turkawa, ba wanda zai yi gardamar cewa dukiya ce. Mussa ba ta da farashi a kara, shi ya sa biyanta ya fi sauƙi kuma ya fi wuya: babba ya tako ƙafa ya zo zaure, tare da mai unguwa, ya ce an yi kuskure.

Mu ma da namu. Tun 2015 rundunar 'yan sanda ta buɗe sashen karɓar koke-koken jama'a, ga Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ga Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da ke nan tun 1975. Ko sun yi aiki ko ba su yi ba, takardar da ba a rubuta ba ba wanda zai amsa ta. Na ce wa maƙwabcina in rubuta masa, ni zan kai. Ya yi shiru, ya ce, "Malam, bari dai. Gobe ma garin ga muka kwana." Ban matsa masa ba, don shi zai zauna da abin da zai biyo baya, ba ni ba.

Da la'asar yaran suka haƙa rami a bayan gida, gindin dogon yaro, suka naɗe ta a tsohon ɗankwali. An yi wa yarinyar alkawarin wata daga gidan gwaggonta a Mabera, wadda tata ta haihu. Ta ce ba ta so, sai an gyara katanga an ƙara mata tudu daga ciki, yadda mussa za ta iya hayewa da tsalle ɗaya.