Keken jariri ya karye, mai kanti ya ce garanti ya ƙare: wannan amsa ba ta wadatar ba

Da Tarayyar Turai ta amince da dokar 'yancin gyara a 2024, an yi ta yabo, kuma ta cancanci yabon. Injin wanki, firji, wayar hannu da na'urar share ƙura duk sun shiga jerin kayan da dole kamfani ya gyara su a farashi mai sauƙi ko da wa'adin garanti ya wuce. Amma keken tura jarirai ba ya cikin jerin. Abin da ya ɓata mini rai ke nan. An tuna da injin da ke wanke riga, an manta da abin da ake ɗora ɗan wata shida a kai a tsallaka titi da shi.

Kowa ya san yadda abin ke kasancewa. Uwa ta sayi keke mai tsada, da niyyar in wannan yaro ya tasa ƙanensa ma ya hau. Shekara ta zagayo da 'yan watanni, sai robar da ke riƙe mahaɗin naɗe keken ta tsage, ko birki ya daina kama tayar baya, ko waldar da ke ƙarƙashin mazauni ta ɓalle. Ta kinkimi keken ta koma kanti da rasit a hannu. Ma'aikacin ya duba kwanan wata, ya ce, "Sai haƙuri, garantinki ya ƙare." Ta juya ta tafi, don ta ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Maganar ba ta ƙare ba. Garanti alkawari ne da kamfanin da ya ƙera kaya ya yi don ra'ayin kansa, shi ya zaɓi tsawonsa, shi ya rubuta sharuɗɗansa. Haƙƙin mai saye kuwa doka ce ta ba shi, kuma a wuyan wanda ya karɓi kuɗinsa yake, wato mai kanti. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce kaya su kasance masu inganci gwargwadon abin da mai hankali zai yi tsammani, ta kuma sa ƙarko cikin ma'aunin ingancin. Mai saye na da shekara 6 a Ingila da Wales, 5 a Scotland, da zai iya kai ƙara. Wannan ba ya nufin kowane keke sai ya yi shekara 6. Abin da yake nufi shi ne, in keken ya lalace tun kafin lokacin da ya kamata saboda aibin da ya zo da shi, mai kanti zai gyara ko ya musanya, in hakan ya gagara ya mayar da wani kaso na kuɗin. A ƙasashen Tarayyar Turai ma, shekara 2 ce mafi ƙarancin kariyar da doka ta tanada, ko da takardar kamfani ta ce shekara 1.

To me ya sa amsar "garanti ya ƙare" ke ci gaba da aiki? Saboda rashin sani ya fi dare duhu, kuma wasu kantuna da wannan duhun suke cin riba. A 2011 hukumomin Italiya sun ci kamfanin Apple tarar yuro 900,000 saboda bai bayyana wa masu saye haƙƙinsu na shekara 2 yadda ya kamata ba, alhali yana tallata musu ƙarin garanti na kuɗi. Masu cewa mafita ita ce iyaye su riƙa sayen ƙarin garanti, suna so ne mutum ya biya kuɗin abin da doka ta riga ta ba shi.

Dokar kanta tana da gurgunta, kuma nan ne na fi damuwa. A Birtaniya, cikin wata 6 na farko ana ɗauka aibin da ma yana jikin kayan, mai kanti ne zai kawo hujjar akasin haka. Bayan nan nauyin hujja ya koma kan mai saye. Wato uwar da ke fama da shayarwa da rashin barci ita za ta nemo masanin da zai rubuta cewa robar ce ba ta da ƙwari tun daga masana'anta, ta biya shi, wataƙila kuɗin ya kusa kai na sabon keke. Wa zai yi? Sai mai kanti ya ƙara da cewa ai an yi wa keken lodi, ko an bi da shi hanya mai gargada. Keken jariri da ma don hanya aka yi shi. Hawa da sauka daga gefen titi, naɗewa da buɗewa kullum, sa shi a bayan mota, duk aikinsa ne. Wanda ya kasa jure wannan na shekara biyu, ba a ƙera shi da kyau ba.

Kada kuma a ɗauki lamarin a matsayin na kuɗi kawai. A watan Nuwamban 2009, kamfanin Maclaren ya yi kiranye ga kekuna kusan miliyan 1 a Amurka, bayan rahotanni 12 na yaran da mahaɗin keken ya datse musu kan yatsa. Tun 1999 ake sayar da waɗannan kekuna. Duk uwar da aka kora daga kanti da "sai haƙuri", an rasa wani rahoto ke nan da zai iya tona irin wannan aibi da wuri.

Ga iyayen da abin ya shafa: a adana rasit, a ɗauki hoton wurin da ya karye, a rubuta wa mai kanti a ambaci doka, a daina ɗora yaro a kan keken da birkinsa ko mahaɗinsa ya sami matsala. A Birtaniya, wanda ya biya da katin bashi kuma farashin ya haura fam 100 yana iya bin kamfanin katin ma, ƙarƙashin sashe na 75 na dokar bashi ta 1974.

Amma bai dace a bar wa iyaye duka wahalar ba. A tilasta wa masu ƙera kekunan nan su rubuta a jikin kwali shekarun da suke sa ran keken zai yi, su ajiye tayoyi da birki da mahaɗai na gyara har tsawon waɗannan shekaru. In keke ya karye kafin lokacin, kamfani ne zai kawo hujjar cewa laifin mai saye ne.