Idan Amarya Ta Ce Ba Za Ta Tare Ba

A ƙasar Hausa ba a tambayar ko amarya za ta tare, sai dai a tambayi yaushe. Kafin a shafa fatiha 'yan jere sun gama aikinsu, magariba na yi motoci su ja layi, a kai ta tana kuka, gwaggonni na maimaita mata faɗan da aka yi musu: yi na yi, bari na bari. To amma 'yan shekarun nan ana ƙara samun matan da ke cewa a ɗaura auren, su kam suna nan inda suke. Wata ma'aikaciyar jinya ce a Kano, manemin yana aiki a Gusau. Wata bazawara ce mai 'ya'ya uku, a gidan da ta gina da adashi. Wata mijinta ya rasu ya bar ta da marayu a gidan gado. Da zarar irin wannan magana ta hau Facebook an gama yanke hukunci: aƙidar feminis ta shigo, boko ya buɗe mata ido, ta fi ƙarfin miji.

Ni ban yarda cewa wani ne ya kawo mana wannan daga waje ba. Tun kafin boko Hausawa sun san auren ɗauki-sandanka, wasu su ce je-ka-da-kwarinka: matar na gidanta, mijin ne ke zuwa ranar kwananta. Galibi manyan mata ne ke yin sa, masu sana'a, masu 'ya'ya da jikoki, waɗanda ba za su iya barin gida da tukunyar ƙosai su koma zaman kishi da yarinya sa'ar 'yarsu ba. Aure ne cikakke, da waliyyi da shaidu da sadaki, liman ya ɗaura, unguwa ta sani. Wanda kuma yake ganin ƙasƙanci ne namiji ya kwana a gidan da matarsa ta mallaka, ya koma ya karanta sira. A gidan Nana Khadija, attajirar Makka, Manzon Allah (SAW) ya zauna bayan aurensu, a nan aka haifi 'ya'yansu.

Su kansu masu sukar ba rabuwar muhalli ce ke damunsu ba. Magidanta nawa ne ke Legas da Fatakwal suna cin rani, sai salla zuwa salla ake ganinsu? Direban tirela, soja, ma'aikacin da iyalinsa ke Katsina shi yana Abuja yana zuwa ƙarshen mako, ba wanda ya ce aurensu ya samu tawaya. Sai a ce ai nema ya fita, Allah ya ba da sa'a. Ranar da aikin mace ne ya raba musu gari, ranar ake tunawa da cewa aure zaman tare ne. Hatta hukumar yi wa ƙasa hidima a kan wannan tunanin take: matar aure na iya neman a mayar da ita jihar da mijinta yake, shi kuwa miji ba a yi masa wannan tanadin don ya bi matarsa ba.

Mai son ya gane abin da ke hana wasu mata tarewa, ya tsaya ƙofar gidan da aka yi saki ranar kwasar kaya. Akori-kura ta yi ribas har bakin zaure. Ƙannenta maza na kwance gado, an naɗe labule an cusa a buhu, madubin da ubanta ya ci bashi ya saya ya tsage a hanyar fita, kujeru sun ƙi bin ƙofa sai da aka karya ƙafa ɗaya. Matan maƙwabta na leƙe ta katanga. A gidan iyayenta babu ɗakin da zai ɗauki kayan, sai a jibge su a rumfa, damina ta gama da su. Duk abin da ke cikin ɗakin nata ne, daga katifa har ludayi, amma bangon da rufin na miji ne, kuma kalma biyu ta ishe shi: tafi gidanku. Alhali ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ cewa ta yi kada a fitar da matan da aka saka daga gidajensu, a nan za su yi idda. Mutum nawa ka sani da suka yi aiki da ita? Tsadar kayan ɗaki kuwa, gwamnatin Kano ma ta shaida: tun da Hisba ta fara auren zawarawa a 2012, har zuwa na watan Oktoban 2023 da aka aurar da mata 1,800, gado da katifa na cikin abin da ake saya wa kowace amarya. Matar da aka kwashe wa kaya sau biyu, ta yi ta fafutuka har ta mallaki ɗaki biyu da katanga, idan ta ce ba za ta sake fita ba, lissafi ta yi. Ga kuma 'ya'ya. Kowa ya san rayuwar agola a gidan mijin uwa, da irin kallon da uwargida ke yi wa kwanon abincinsa.

A Turai ma akwai masu irin wannan zama. A Birtaniya kusan mutum ɗaya cikin goma na manya yana da abokin rayuwa amma kowa da gidansa, kuma a cikin matan da suka manyanta, waɗanda suka taɓa aure, da yawa dalilinsu shi ne sun gaji da hidimar namiji, ba sa son komawa wanki da girki da jinya. Sai dai tasu muhawarar daban ce, domin akasari ba aure a tsakani, mu kuwa zaman dadiro ba ya ma cikin zance. Kuma gwagwarmayar tasu na da tarihinta: sai a 1882 dokar Ingila ta ba matar aure cikakken ikon mallakar dukiyarta. Kakata ba ta jira wannan doka ba kafin ta mallaki awakinta.

Inda nake da ja shi ne abin da wasu maza suka mayar da wannan aure. Akwai masu farautar ma'aikaciya ko 'yar kasuwa mai gida, su zo da baki mai zaƙi: "Hajiya, ai ke ba kya buƙatar komai." Babu haya, babu cefane, babu kuɗin magani, sai ya zo da dare ya ci mai kyau, da safe ya karɓi na mai. Sau da yawa a ɓoye ake yi, uwargida ba ta sani ba, sai ranar rabon gado wata ta bayyana da yaro a hannu, rigima ta kaure a kotu. A ƙasashen Larabawa sun daɗe da wannan muhawara a kan auren misyar, inda mace ke yafe muhalli da ciyarwa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta ce ya inganta a 2006, duk da ta nuna ba shi ne abin so ba, wasu malamai kuma suka hana saboda ɓarnar da suka gani. Mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi ta fi tsanantawa. Idan aka gindaya sharaɗin babu ciyarwa ko babu rabon kwana a wurin ɗaurin aure, ana warware auren muddin ba a sadu ba. In an sadu auren ya tabbata, sharaɗin ya faɗi. Yafewa daga baya daban ce, kamar yadda Nana Sauda ta bar wa Nana A'isha kwananta, kuma malamai sun ce mai yafewa tana da ikon janyewa duk ranar da ta so.

A nan ne nake saɓawa da wasu 'yan'uwa mata masu rajin 'yanci, waɗanda ke alfahari da cewa ko sisin namiji ba sa so. Wadda ta biya haya, ta yi cefane, ta biya kuɗin makaranta, sannan ta dawo daga aiki ta ɗora tukunya don maigida zai zo, wane 'yanci ta samu? Ta ɗauke masa nasa nauyin, nata kuma yana nan kanta. Gida ya zama nata, madalla, amma ciyarwa da tufatarwa da magani suna wuyansa ko da ta fi shi albashi ninki goma.

Zaman nesa ma ba kyauta ba ne. Yara na tashi suna ganin uba kamar baƙo, zargi na samun ƙofa, ranar da ciwo ya kama ɗaya da tsakar dare babu mai kai shi asibiti. Budurwa mai auren fari ba zan ba ta shawararsa ba sai da lalura, domin sabo da sanin hali a ɗaki ɗaya ake yin su.

Waliyyai kan ɓata mako guda a kan yawan akwatunan lefe, amma da wuya ka ji sun tambayi inda za a zauna. Wannan tambaya a yi ta tun ranar gaisuwa, a gaban manyan ɓangarorin biyu: a gidan wa, kwana nawa a mako, wa ke cefane, ina 'ya'yanta za su zauna, kuma zuwa yaushe, har a samu canjin wurin aiki ko dindindin. In da hali a rubuta, kowane waliyyi ya riƙe kwafi, kuma a sanar da uwargida kafin a raba goro.