Sarkin Noma da tsutsar kabeji

Sarkin Noma: Yaro, murfi ɗaya na maganin ƙwari ai na talakawa ne. Ni huɗu nake zubawa a tanki. Tsutsar da ta sha huɗu ta tashi, aljana ce.

Malamin Gona: Ranka ya daɗe, ga aljanar nan tana karin kumallo.

(Ya juya ganye. Koriya ce, tsawonta bai wuce santimita ɗaya ba, ta kankare ganyen ta ƙasa ta bar fata shara-shara. Da aka taɓa ta sai ta yi baya-baya tana mutsu-mutsu, ta sulalo a zare kamar gizo-gizo.)

Sarkin Noma: Ka gani? Jiri take yi. Magani ya kama ta.

Malamin Gona: Halinta ke nan in an taɓa ta. Wannan tun 1953 aka gano maganin ƙwari na DDT ya daina kashe ta a tsibirin Java na ƙasar Indonesiya. Lokacin zafi, mako biyu zuwa uku ƙwai ya zama uwa. Wadda ta tsira daga feshinka yau, jikokinta ne za su cinye kabejin. Ga shi ka kashe ƙananan ƙwarin da ke yin ƙwai a jikinta su halaka ta.

Sarkin Noma: Ai na canza magani! A da jar kwalba, yanzu shuɗiya.

Malamin Gona: Duba ƙaramin rubutun, sunan sinadarin da ke ciki. Cypermethrin nan, cypermethrin can. Riga kawai ya sake.

(Mai shago, da ya biyo bashi, ya hau duban sama kamar mai neman jinjirin wata.)

Malamin Gona: A samo busassun 'ya'yan darbejiya, a ɓare, a daka ƙwayar kilo ɗaya, a jiƙa a ruwa lita 20 ya kwana. A tace da kyalle don kada bakin famfo ya toshe, a sa ɗan sabulu, domin ganyen kabeji santsi gare shi, ruwa zamewa yake. A fesa da yamma, ƙarƙashin ganye da cikin tsakiya, duk kwana bakwai, tun kafin ya dunƙule. In ta shige cikin dunƙulen, feshi ba ya kai mata.

Sarkin Noma: Ni? Da rawanina? A gan ni gindin darbejiya ina tsince-tsince kamar akuya?

Malamin Gona: To a sayi Bt, maganin da ake yi da wata ƙwayar cuta mai kashe tsutsa, shi ma a fesa da yamma, rana na kashe ƙarfinsa. Ƙananan tsutsotsi yake kamawa: su daina ci, su mutu cikin kwana biyu zuwa uku. Gadon iri a rufe shi da gidan sauro. An gama sara, a tuge kututturan a binne, kada a dasa sabo kusa da tsoho.

Sarkin Noma: Kwana uku! Ni maganin da nake so, ta faɗi ina tsaye, ta san wa ya kashe ta.

Mai shago: Allah ya ja zamanin Sarki, akwai wata koriyar kwalba...

Sarkin Noma: Rufe mana baki. Yaro, darbejiyar nan kilo nawa ka ce?

Malamin Gona: Ɗaya, ranka ya daɗe.

Sarkin Noma: A daka huɗu.