Ba dole ne ka je ba, amma in ka je ka kama bakinka

To madalla da gwanin barkwanci. An tura ka Indiya karatu, ka kwashi ƙafa har Rameswaram, can ƙurewar kudu a jihar Tamil Nadu, ka tsaya bakin teku kana ɗaukar mutane da waya kana ƙyaƙyata dariya, wai "ku zo ku ga masu wanka da kaya." Mu kuma nan muna ta tura wa juna bidiyon, har da masu sa albarka. Sannu da jihadi.

Wannan rashin tarbiyya ne, ba shi da wani suna.

Ka san me mutanen nan suke yi? Wurin da ka tsaya Agni Tirtam ake ce masa, gaɓar tekun da ke gaban haikalin Ramanataswami. Da yawa daga masu shiga ruwan nan iyayensu suka rasu, sun zo yi musu abin da addininsu na Hindu ya tanadar wa mamaci. Lokacin da na je wurin da asuba na ga wani magidanci an aske masa kai ƙwal, yana zaune a kan rairayi da dunƙulen shinkafa a kan ganyen ayaba, malaminsu na karanta masa yana maimaitawa, muryarsa na rawa. Irin wannan mutumin ka mayar abin dariya. Wani ya yini ya kwana a jirgin ƙasa kafin ya iso, domin wurin yana cikin manyan wuraren ziyararsu huɗu, tare da Badrinat da Dwarka da Puri. Daga tekun sai su shiga ciki a bi da su rijiyoyi 22, kowace a ɗebo ruwa da guga a kwara musu a ka. Jiƙewar da ta ba ka dariya ke nan.

Na san abin da za a rubuto min a ƙasa. "Ai shirka ce." Wa ya ce maka tauhidi ne? Ni ban je na yi wanka ba, ban kuma ce kowa ya yi ba. Amma buɗe Suratul An'am aya ta 108 ka gani, an hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Ko kai ka fi ayar kishin addini ne? "Ai da Hausa ya yi, ba su ji ba." Dariya ba ta buƙatar tafinta, malam. "Ai su ma suna takura wa Musulmi a can." Ana yi, ba na musu. To magidancin da ke kukan babansa shi ya takura maka? Kuma in bidiyon ya faɗa hannun masu neman dalili, a kan wa zai ƙare, ba ɗalibanmu da masu jinyarmu da ke Chennai, babban birnin jihar, ba?

Ka ɗauka wani Ba'indiye ne ya tsaya a maƙabarta a Kano ana binne mahaifinka, yana ɗauka yana dariya da yarensu. Ka faɗa min da ƙafarsa zai koma gida.

Abin da ya fi ƙona min rai, garin da ka je ka yi wannan sakarcin garin Abdul Kalam ne. A nan aka haife shi a 1931, Musulmi, masanin kimiyya, ya shugabanci Indiya daga 2002 zuwa 2007. Mahaifinsa limamin masallaci ne a garin, kuma da jirgin ruwansa yake ɗaukar masu ziyarar nan zuwa garin Danushkodi da ke kusa ya dawo da su. Limami fa. Bai bar sallarsa ba, bai kuma ga cewa imaninsa sai ya wulaƙanta fasinjojinsa zai cika ba. Gidansu na nan an mayar da shi wurin tarihi, tafiyar ƙafa ce daga inda ka tsaya, amma ina, ba zai kawo mabiya ba.

Su kansu masu wurin sun gaji da irinku. A 2022 babbar kotun Madras, wato ta jihar Tamil Nadu, ta ba da umarnin hana shiga haikalan jihar da waya. A 2024 ta ce a kafa allunan da ke nuna iyakar inda wanda ba Hindu ba zai tsaya, ta ce wurin bauta ba wurin shaƙatawa ba ne. Ba wanda ya gayyace ka. In zuciyarka ba za ta ɗauka ba, yi zamanka a ɗaki. In ka je, waya a aljihu, baki a rufe.

Af, kuma duk tsawon bidiyon ko sau ɗaya ba ka nuna gadar Pamban da ake bi a shiga Rameswaram ba. Gadar jirgin ƙasa ce a kan teku, kimanin kilomita 2, an buɗe ta a 1914, tsakiyarta na ɗagawa jiragen ruwa su wuce. Ta ga guguwar 1964 da ta share Danushkodi ta kuma tafi da jirgin ƙasa da fasinjojinsa, aka gyara ta, ta ci gaba da aiki har 2022, sannan suka buɗe sabuwa a 2025. Mu kuma layin dogo ya iso Kano tun 1911, ya girme ta. Don Allah wanda ya hau jirgin Kano zuwa Legas kwanan nan ya faɗa min kwana nawa ya yi a hanya.