Babban Bankin Amurka a jajibirin yaƙi: an binciki kowa, ban da babban mai cin bashi

Duk wanda ya buɗe kundin zaman kwamitin gwamnonin Babban Bankin Amurka na shekarun 1940 da 1941 yana neman ƙaurin yaƙin duniya na biyu zai sha mamaki. Faransa ta faɗa hannun Jamus a watan Yunin 1940, ana ruwan bama-bamai a Landan, majalisar Amurka ta zartar da dokar ɗaukar matasa aikin soja a watan Satumba. Amma abin da ya fi cika takardun shi ne irin su: wani ƙaramin banki ya nemi shiga sahun mambobi, an amince masa bisa sharuɗɗa; an naɗa sabon jami'in bincike; an daidaita albashin wani ma'aikaci; wani darakta yana zaune a hukumar bankuna biyu, a duba ko doka ta yarda. Duk bayan mako biyu bankunan shiyya su aiko da kuɗin ruwan da za su riƙa ba da rance a kansa, Washington ta sa hannu. Na New York kashi 1 cikin 100 ne tun Agustan 1937, bai motsa ba sai a 1948, amma hakan bai sa an fasa bin ƙa'idar ba.

Wani zai ce wannan shiriritar ma'aikatan gwamnati ce, duniya na ci da wuta su suna lissafin albashi. Ni ban ga haka ba. Wannan aikin mai sa hamma yana cikin abin da ya sa Amurka ta shiga yaƙi da bankuna masu lafiya. Inda nake ja da mutanen nan wani wuri ne daban: sun leƙa littafin kowane banki, amma da aka zo kan mai cin bashi mafi girma, wato gwamnatin kanta, babu wanda ya rubuta iyaka, babu wanda ya sa rana.

Tsarin nasu ba irin namu ba ne na babban banki guda tilo. Dokar da Shugaba Woodrow Wilson ya sa wa hannu a Disambar 1913 ta kafa bankunan shiyya 12, daga Boston har San Francisco, da kwamiti a Washington mai sa musu ido. Bankin da ya karɓi lasisi daga gwamnatin tarayya dole ya zama mamba. Wanda jiha ta ba lasisi kuwa ganin damarsa ne. Mamba zai ɗauki hannun jari a bankin shiyyarsa daidai da kashi 6 cikin 100 na jarinsa, ya ajiye wani kaso na kuɗin masu ajiya a can, ya kuma buɗe littattafansa ga masu bincike. Ladan da yake samu shi ne ranar da ya shiga matsi yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Binciken ba na zaman ofis ba ne. Jami'ai kan dira banki ba sanarwa, su riƙe ma'ajiya, su ƙirga tsabar kuɗi, sannan su zauna da fayilolin rance ɗaya bayan ɗaya. Wa aka ba? Me ya ba da jingina? Yaushe rabonsa da biya? Ɗan'uwan manaja ne? Rancen da suka ga alamar ba zai dawo ba su sa a cire shi daga lissafin dukiya, ko ran manaja ya so ko bai so ba. Waɗanda ke wannan aiki a 1940 sun ga abin da sakaci ke haifarwa da idonsu. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna kusan 9,000 suka durƙushe, har Shugaba Franklin Roosevelt ya rufe dukkan bankunan ƙasar na 'yan kwanaki a watan Maris na 1933. Daga nan aka kafa hukumar inshorar ajiya ta FDIC, wadda zuwa tsakiyar 1934 take lamunce wa mai ajiya har dala 5,000. Dokar banki ta 1935 kuma ta tattara iko a hannun gwamnoni bakwai a Washington, kowanne da wa'adin shekara 14, ta cire Sakataren Baitulmali daga kujerarsa a kwamitin. Manufar cire shi a fili take: kada mai cin bashi ya zauna a teburin da ake yanke masa kuɗin ruwa.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a gaskiya Marriner Eccles, ɗan kasuwar banki daga jihar Utah da ya shugabanci kwamitin tun 1934, ya soma fafa nasa da wuri. Zinariya na ta kwarara daga Turai tana gudun Hitler, har rarar kuɗin da bankuna ke riƙe da shi sama da abin da doka ta wajabta ya kusa dala biliyan 7 a ƙarshen 1940. Kuɗi ne da ke kwance, ranar da masana'antun makamai suka tashi sai ya koma rance, rancen ya koma tsadar kaya. A ranar ƙarshe ta shekarar 1940 shugabannin bankin suka kai wa majalisa rahoto na musamman suna neman ƙarin iko a kan ajiyar dole, wato kason kuɗin masu ajiya da doka ta wajabta wa banki ya ajiye a bankin shiyyarsa. Majalisa ta yi biris. Sai suka yi amfani da abin da ke hannunsu: daga 1 ga Nuwamban 1941 suka kai ajiyar dole ƙololuwar da doka ta yarda, kashi 26 ga manyan bankunan New York da Chicago, 20 ga na sauran manyan birane, 14 ga na karkara. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, domin irin wannan matakin da suka ɗauka a 1936 da 1937 har yau ana ɗora masa wani kaso na laifin komawar tattalin arziki baya a 1937.

Sai kuma aka kai hannu aljihun talaka kai tsaye. A watan Agustan 1941 Roosevelt ya ba bankin ikon tsara sayen kaya bashi, kuma daga Satumba duk mai son mota sai ya ajiye kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, ya gama biyan saura cikin wata 18. Firiji da rediyo da kayan ɗaki su ma aka sa musu nasu ƙa'idojin. Dalili biyu ne: a rage zafin kasuwa, a kuma bar ƙarfe da roba su tafi wajen tankoki. A ɗaya gefen aka sassauta wa mai kwangilar tsaro. Wata doka ta Oktoban 1940 ta ba ɗan kwangila damar kai takardar kwangilarsa ta gwamnati banki a matsayin jingina. Bankunan shiyyar ne kuma suka zama hannun Baitulmali wajen ƙulle kadarorin ƙasashen waje, tun daga na Denmark da Norway a Afrilun 1940, zuwa na Jamus da Italiya a Yunin 1941, da na Japan a Yuli. Duk wannan kafin Amurka ta shiga yaƙin.

Har nan babu abin da zan ce sai yabo. Amma akwai wata ƙofa da aka buɗe tun 1938, kuma Eccles ɗin nan ne ya matsa aka buɗe ta. Yana ganin tsaurin masu bincike na hana bankuna ba da rance, don haka hukumomin tarayya uku masu sa ido kan bankuna suka yi yarjejeniya cewa takardun lamuni masu inganci za a riƙa lissafa su a kan farashin da aka saye su, ba farashin kasuwar ranar ba. Yana da hujja, domin faɗuwar kasuwa ta ɗan lokaci ba ta isa ta kashe banki mai lafiya ba. Sai dai daga ranar an koya wa kowa cewa ma'aunin mai bincike abu ne da ake iya lanƙwasawa idan manufar gwamnati ta buƙata.

Bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor ranar 7 ga Disambar 1941, bankin ya sanar cewa zai tabbatar gwamnati ba ta rasa kuɗin yaƙi ba. A Afrilun 1942 alƙawarin ya zama lamba: kuɗin ruwan takardun bashi na wata uku ba zai wuce kashi uku bisa takwas na kashi 1 cikin 100 ba, na dogon zango kuma ba zai haura kashi 2 da rabi ba. Yadda ake riƙe irin wannan farashi hanya ɗaya ce: duk takardar da kasuwa ta ƙi saya a haka, babban banki ya saye ta da sabon kuɗi. Ke nan yawan kuɗin da ke yawo a ƙasa ya fita daga hannun gwamnonin bankin, ya koma hannun mai rubuta kasafin yaƙi. Ajiyar dolen da aka ɗaga wa New York da Chicago zuwa kashi 26 aka sauko da ita 20 kafin shekarar ta ƙare. Hukumomin sa ido suka fito tare suka shaida wa bankuna cewa babu wanda za a zarga don ya zuba kuɗinsa a takardun gwamnati. A 1943 aka cire ajiyar dole kacokan daga asusun da gwamnati ke tara kuɗin lamunin yaƙi a bankuna. Banki ya sayi takarda, ya rubuta wa Baitulmali kuɗin a asusunta da ke cikin bankin, idan ya matsu ya kai takardar babban banki a canja masa nan take.

Bashin gwamnatin tarayya ya tashi daga kusan dala biliyan 49 a 1941 zuwa kusan biliyan 259 a 1945. A ƙarshen yaƙin fiye da rabin dukiyar bankunan kasuwanci takardun gwamnati ne. Bankunan da suka rushe a 1944 da 1945 ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Masu bincike na da rabonsu a wannan nasara, amma kada a yi musu kyautar da ba tasu ba: bankin da ya cika cikinsa da takardar da babban banki ya rantse ba za ta faɗi ba, da wuya ya mutu. Haɗarin bai ɓace ba, wuri ya sauya. Da aka cire ƙayyade farashi a 1946 kaya suka yi tashin gwauron zabi, a 1947 hauhawar farashi ta haura kashi 14 cikin 100. Malamin makaranta da ma'aikaciyar masana'anta da suka sayi takardun lamunin tsaro don kishin ƙasa, su suka biya, ta hanyar dalar da ta rage daraja a hannunsu.

Za a ce, to da me za su yi? Su hana gwamnati kuɗi Hitler na bakin ƙofa? A'a. Babu babban bankin da zai tsaya jayayya da ƙasarsa a ranar da ake batun rai da mutuwa, kuma wanda ya gwada ba zai kwana a kujerarsa ba. Eccles kansa ya yi ta kiran a ƙara haraji, a sayar wa jama'a takardun maimakon bankuna. Harajin bai kai ya biya ko rabin kuɗin yaƙin ba. Abin da ya gagara shi ne ƙaramin abu irin wanda suka ƙware a kai. Mutanen da ba sa karɓar bankin ƙauye a sahun mambobi sai sun jera masa sharuɗɗa a rubuce, su ne suka miƙa wa Baitulmali linzami ba tare da layi ɗaya da ke cewa wannan tsari zai ƙare wata kaza bayan an ajiye makamai ba. Lokacin neman wannan layi shi ne 1941 da farkon 1942, sa'ad da gwamnati ke buƙatarsu. Bayan an saba da bashi mai arha, wa zai yarda ya saki?

Mu a Najeriya ba baƙin wannan labari ba ne, ko da yake namu ya zo ta wata fuska. Mu muna da layin a rubuce: sashe na 38 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya ce rancen wucin gadi ga gwamnatin tarayya kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata, kuma a biya cikin shekarar. Duk da haka rancen ya taru har naira tiriliyan 22.7, wanda majalisa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40 a watan Mayun 2023. A duk tsawon shekarun nan jami'an CBN da na hukumar inshorar ajiya ta NDIC ba su daina zagaya bankuna ba, ana cin tara, ana neman rahoto. Babu wanda ya dira ofishin babban mai cin bashin ya ce a kawo fayil. Wanda ya sayi mudun shinkafa a 2024, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, ya san inda wani ɓangare na lissafin ya sauka. Rubuta iyaka kaɗai ba ta wadatar ba ke nan, sai da wanda zai tsaya a kanta a ranar da tsayuwar ke da tsada.

A Amurka sai da aka shekara kusan shida bayan yaƙi kafin a sami mai tsayuwar. An saki farashin takardun gajeren zango a 1947, amma kashi 2 da rabi na nan daram. Shugaba Harry Truman ya riƙe shi da zuciya ɗaya, domin ya tuna yadda takardun lamunin yaƙin duniya na farko suka faɗi a hannun waɗanda suka saya, shi ma yana cikinsu. A 1948 ya ƙi sabunta wa Eccles shugabanci, Eccles kuwa ya ƙi tafiya, ya zauna a matsayin gwamna kawai. Da yaƙin Koriya ya sake hura wutar farashi, Truman ya kira dukkan kwamitin da ke yanke manufar kuɗi zuwa fadar White House a ranar 31 ga Janairun 1951, daga baya fadar ta sanar cewa sun yi alƙawarin ci gaba da riƙe farashin. Ba su yi ba. Eccles ya ɗauki bayanin da bankin ya rubuta na abin da aka faɗa a zaman ya miƙa wa 'yan jarida, ba tare da neman izinin kowa ba. A ranar 4 ga Maris aka fitar da sanarwar yarjejeniya tsakanin Baitulmali da bankin, wadda ta mayar masa da ikon yanke kuɗin ruwa. William McChesney Martin, wanda ya yi cinikin a madadin Baitulmali, shi Truman ya naɗa shugaban bankin, kuma ya riƙe kujerar har 1970. Eccles ya ajiye aiki a watan Yulin 1951 ya koma Utah.