Ku kujera kuke jira a jirgin Maraɗi, ni buhu nake nema

Abin da aka yi wa dattijon nan a taron jiya kan jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi rashin ta-ido ne. Waɗanda suka je sun gani, waɗanda ba su je ba sun ga bidiyon. Mutumin da ya fara kai shanu Kudu tun kafin a haifi mai gabatarwa ya tashi ya yi tambaya ɗaya tak: in jirgin Kano zuwa Maraɗi ya fara aiki, a ina za a riƙa loda dabbobi, kuma nawa za a biya kuɗin tarago? Sai zauren ya kece da dariya. Wani mai babbar riga ya ce mashi, "Baba, ai wannan jirgin zamani ne, ba na shanu ba ne." Aka tafa, aka karɓe makirufo, aka koma kan manyan batutuwa: sunan wa za a sa wa tashar Katsina, ko ɓangaren manya zai samu na'urar sanyi, minti nawa za a yi daga Daura zuwa Kano. Madalla da wannan zurfin tunani.

Ranka ya daɗe mai babbar riga, a duk zauren nan Baba ne kaɗai ya san abin da ake shimfiɗa layin dogo dominsa. Kaya ake yi wa layin dogo. Fasinja ɗan rakiya ne. Zan ta maimaita wannan har ku gaji da ni.

Ku duba yadda abin ya faro. Turawa sun fara aikin dogo daga Legas a 1896, ya iso Ibadan a 1901. A Arewa kuma aka taso da wani layin daga Baro, bakin kogin Kwara, a 1907, ya shigo Kano a 1911, sannan a 1912 aka haɗe biyun suka zama hukuma ɗaya. Kuna jin Bature ya sa talakawa sun sare daji sun fasa dutse ne don kakanninmu su je Ikko shan iska? Auduga yake nema wa masaƙun Ingila. Sai manoman ƙasar Hausa suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, kuma ko ba a saya ba a ci. Gyaɗar da ake fitarwa daga ƙasar nan ba ta wuce 'yan dubban tan ƙalilan ba kafin zuwan jirgi, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Daga nan su Alhassan Ɗantata suka samu ƙofa. Dalar gyaɗar nan da muke sawa a kalanda muna alfahari, ku san cewa buhuna ne da ke zaman jiran tarago. Kayan sun fi ƙarfin jirgin, shi ya sa aka jibge su. Wannan ita ce matsalar da kakanninmu suka yi fama da ita: kaya sun yi yawa, jirgi ya yi kaɗan. Mu kuwa muna shirin samun jirgi sabo fil, babu wanda ya zauna ya lissafa abin da za a zuba a ciki.

Duk reshen da aka ja daga babban layin, kaya aka bi. An kai Inugu a 1916 saboda kwal. An ja ƙaramin layi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza. An kai Nguru a 1930 saboda gyaɗa da fatu da dabbobi. An ja daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, aka gama a 1929, saboda auduga da gyaɗa. Ku tambayi tsofaffin Funtuwa abin da ya mayar da garin nan gari. Injin gurzar auduga ne da tasha. Manomi ya kawo a jaki ko a raƙumi, a auna, a gurje, a ɗaure dila-dila, 'yan dako su cusa a tarago. Kantunan Turawa da na Kwara 'yan Labanon suka taru a bakin tasha, Yarbawa da Inyamurai suka zo aikin reluwe suka kafa unguwa. Birnin Katsina da duk tarihinsa, da Gobarau, da kwalejin da ta yaye manyan Arewa, da sunan da ya yi a fataucin sahara, bai samu ko taku ɗaya na dogo ba. Gyaɗarmu a mota aka riƙa kai ta Kano. Shekara ɗari da ɗoriya muna kallon Kano tana cin wannan gajiyar, yanzu Allah ya kawo mana namu, abin da ya dame mu shi ne launin kujera.

Kuma ku tuna yadda tsohon layin ya mutu, don ba fasinja ne suka guje shi da farko ba. A 1964 hukumar jiragen ƙasa ta yi jigilar kaya kusan tan miliyan 3. Sai fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, kuɗin fetur ya shigo aka shiga shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka kwashe lodi. Da kaya suka tafi, kuɗin gyaran layi ya tafi da su. An ɗauko Indiyawa a 1979 su riƙe hukumar, an ba 'yan Sin kwangilar gyara a zamanin Abacha, an sake buɗe Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012 da kiɗa da rawa. Kowane karo sai a yi fenti, a yanka kyalle, a ɗauki hoton manya a cikin tarago, bayan ɗan lokaci ciyawa ta rufe ƙarfe. Tikitin fasinja ba ya riƙe layin dogo mai tsawon ɗaruruwan kilomita. Buhu ne ke biyan albashin mai gadin tasha.

Shi kuma mai cewa jirgi ba na shanu ba ne, ina ma ya san cewa shekara da shekaru a jirgi ake kai shanun Arewa Legas. Ko a 2016 an gwada farfaɗo da abin, aka loda shanu ɗari biyar a Gusau zuwa Legas, kuma ta Funtuwa suka wuce. Ya je Mai'aduwa ko Charanchi ranar kasuwa ya tsaya inda ake lodi. A cusa shanu a tirela ƙaho na gogar ƙaho, yara su hau saman katako suna riƙe da igiya, a kama hanya kwana biyu ko ukku ba ci ba sha. In saniya ta faɗi a tsakiya sai a tsaya a bakin titi ana jan wutsiya ana duka don ta tashi kafin sauran su tattake ta, in ta ƙi a sa wuƙa. Ga shinge bayan shinge, kowa da rasit ɗinsa, wani ma ba rasit sai sanda. Kafin a isa, dabba ta zube, farashinta ya zube. Wannan asarar Baba yake magana a kai, ita aka yi wa dariya.

Na san abin da za a zo a rubuta mani a ƙasa, to bari in rage maku wahala.

"Ai Nijar aka yi wa aikin." Wannan waƙar tun 2021 ake rera ta, tun ranar da Buhari ya ƙaddamar da aikin a watan Fabrairu. Layin kilomita 284 ne, kuma daga Kano ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina har Jibiya duk ƙasar Najeriya ce. Guntun da ya shiga Nijar kaɗan ne. Ban da haka, wanda bai san mene ne Maraɗi a wurin Bakatsine ba, ya je ya tambayi dalilin da ya sa sarkin can ake ce mashi Sarkin Katsina. Nijar ba ta da teku, har zuwa 2023 yawancin kayanta ta Kwatano suke shigowa a bayan mota. In kwantenar Alhazan Maraɗi ta dawo tana bi ta Legas, ta ƙofar gidanmu za ta wuce. Wannan ciniki ne, ba sadaka ba.

"Masu tirela za su rasa abinci." Jirgi ba ya shiga Ɗandume ya ɗauko masara a bakin rumbu. Mota ce za ta kai tasha, mota ce za ta kwashe. Direba ya yi sawu ukku a yini ya kwana gidansa, ko ya yi mako yana barci a ƙarƙashin mota a Ogere, wanne ya fi?

"Tsaro fa?" Eh, mun san harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, kuma mu mutanen Jibiya da Batsari ba sai an yi mana wa'azin tsaro ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma hanyar motar da ake bi yanzu, aljanna ce? Ku wuce wannan.

Abin da ya kamata ya hana mu barci daban ne, kuma da gaske nake wannan maganar. An sa hannu da kamfanin Mota-Engil mai aikin layin kan kusan dala biliyan 2, yawancinsu bashi ne da jikokinmu za su biya. Sabon layin mai faɗi ne, milimita 1,435 tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Tsohon na Turawa milimita 1,067 ne. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Tashar tsandauri da aka buɗe a Funtuwa a 2024 tana gefen tsohon layi, sabon kuwa ta Daura da Katsina zai bi. Sannan mai faɗin ya tashi daga Legas ya tsaya Ibadan, ya sake tashi daga Abuja zuwa Kaduna, ana kan aikin Kaduna zuwa Kano, amma tsakanin Ibadan da Abuja babu komai. Ma'ana, buhun riɗin da aka loda a Mashi ba zai isa bakin teku a tarago ɗaya ba sai an cike wannan giɓin. Wane ɗan majalisarmu kuka taɓa ji ya tashi ya buga tebur a kan Ibadan zuwa Abuja? Shi ne aikin da ya fi shafar Katsina, ko da yake ba a Katsina yake ba.

Mu kuma nan gida me muka tanada? Ina filin da aka ware na sito kusa da tasha, ko duk an yanka an raba wa 'yan siyasa su gina shaguna? Ina sikeli, ina dakalin lodin dabbobi, ina wurin ba su ruwa? Tirela ɗaya buhun siminti 600 take ɗauka, kan jirgi ɗaya kuwa zai ja lodin tirela ashirin ko talatin. Wace ƙungiyar 'yan kasuwa ce a jihar nan za ta iya tara riɗi ko zoɓo ko waken suya da zai cika wannan a rana ɗaya, a kan lokaci, mako bayan mako? In ba mu shirya ba, jirgin zai zo mana cike da siminti da taki da kayan waje, ya koma wayam, ko kuma 'yan Dawanau su cika shi da kayan da suka saya a ƙauyukanmu, mu tsaya a gefen layi muna ɗaga hannu muna ɗaukar bidiyo. Ga jami'ar sufuri a Daura, yaranmu na karatu a ciki. Da ni ne, aikin farko da zan ba su shi ne su zaga kasuwannin jihar nan da littafi da biro su ƙirga abin da ke fita kowane mako da inda yake zuwa. Ko wannan kaɗai aka kawo taron jiya da an ce an yi taro.

Af, tunda gyaɗa ta shigo zancen. Don Allah me ya samu ƙuliƙulin yanzu? Na saya a tasha shekaranjiya, wallahi rabi garin rogo ne ko na masara, sai gishiri da barkono da aka labta don a rufe asiri. Matan da ke matsar mai a unguwarmu sun ce tiyar gyaɗa ta fi ƙarfinsu, wasu sun jingine turmin sun koma sayar da awara. Masu tsire ma sun fara haɗa yajinsu da abin da ban san sunansa ba. In akwai wanda ya san inda ake samun na gaskiya, mai mai a jiki, irin wanda in ka gutsura sai ka ji a haƙori, ya turo mani kwatance, ko Ɓatagarawa ne zan je.